Rimi: gwamnan da ya karanta diflomasiyya amma bai iya lallashi ba

Yaran yanzu in ka ce musu Abubakar Rimi, abin da zai faɗo musu a rai shi ne kasuwar Sabon Gari, ko gidan talabijin na ARTV da ke Hotoro. Na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma ajin da na sallama na ƙarshe da ƙyar na sami mutum biyu da suka san cewa mai wannan suna ya taɓa mulkin Kano tun daga Tudun Wada har Haɗejia da Gumel, lokacin ba a yanke Jigawa ba. Ba laifinsu ba ne. Mu da muka gani da idonmu mu ne ba ma ba da labarin yadda yake. In mun tashi, ko dai mu wanke shi tas kamar bai taɓa kuskure ba, ko kuma mu tsaya a kan takardar tuhumar Sarki kamar ita kaɗai ya yi a duniya.

A Fagge na tashi. Mahaifina tela ne, asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gezawa, kuma ɗan NEPU ne, jam'iyyar talakawa ta Malam Aminu Kano kafin PRP, tun yana saurayi. A 1979 ina 'yan ajin farko na sakandare, ban isa jefa ƙuri'a ba, amma na isa a aike ni in liƙa hoton makulli, alamar jam'iyyar PRP, a jikin katanga. Shekarar nan Kano ta PRP ce gaba ɗaya. In wani ya ce "PRP" daga wancan bakin titi, sai ka ji an amsa "Nasara!" daga shagon mai shayi. Malam Aminu Kano ya tsaya takarar shugaban ƙasa bai samu ba, amma jam'iyyarsa ta ɗauki gwamnoni biyu: Balarabe Musa a Kaduna, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano. Ran 1 ga Oktoba aka rantsar da shi yana ɗan shekara 39.

Abin da mutane ke mantawa shi ne inda ya fito kafin nan. An haife shi a 1940 a ƙauyen Rimi ta ƙasar Sumaila. Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. Ma'aikaci ne da ya yi ta ƙaro karatu da kansa har ya kai Ingila, ya yi digiri na biyu a jami'ar Sussex kan hulɗar ƙasa da ƙasa, ya kuma riƙe sakataren mulki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas. Daga nan ya shiga majalisar da ta zauna a 1977 zuwa 1978 don tsara kundin mulkin jamhuriya ta biyu. Wato dai mutum ne da ya san yadda ake zama da abokin hamayya a teburi ɗaya, ya san yadda jakada ke faɗin magana mai ɗaci a naɗe cikin ladabi, ya san yadda ake cinikin ƙuri'a a zauren majalisa. A takarda ya san duk wannan. Da ya hau kujera kuwa, wannan ilimin ne ya fi ƙarancin amfani da shi, kuma a ganina shi ne abin da ya gajarta masa mulki.

Amma bari in fara da abin da ya yi daidai, don shi ya fi yawa.

Ranar da ya karɓi mulki ya soke haraji da jangali. Wanda aka haifa bayan 1980 ba zai gane nauyin wannan magana ba sai an warware masa. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane namiji baligi duk shekara, ko ya noma ko bai noma ba, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gona. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. A kowace gaɓa akwai hannun da zai iya ƙara wani abu a kai, kuma talaka ba shi da inda zai kai ƙara, don wanda zai kai wa ƙarar shi ne mai karɓar. Wanda ya kasa biya a kama akuyarsa, ko a zaunar da shi a rana ƙofar gidan dagaci, matansa da 'ya'yansa suna kallo. Jangali kuma na shanu ne, kowane kai da kuɗinsa. Shi ya sa in lokacin ƙirga ya zo Fulani ke kora garke cikin daji da dare, wasu har su tsallaka Nijar.

Baba ya sha gaya mana cewa ba son birni ne ya kawo shi Fagge ba, haraji ne. Shekarar da gero bai yi ba, shi da yayansa suka fito cin rani don su nemo abin da za a biya wa gidansu, shi sai ya maƙale a wurin wani tela bai koma ba. Har ya tsufa yana ajiye da tsofaffin takardun harajinsa a cikin gwangwanin da yake zuba maɓallai, saboda a da in ka je tasha ko kasuwar ƙauye ana iya tare ka a ce ka nuna. Ranar da aka yi sanarwar a rediyo, keken ɗinkinsa bai ƙara juyawa ba har magariba. Mutane suka cika shagon, kowa na ba da labarin abin da aka taɓa yi wa ubansa. Wannan ita ce buƙatar da NEPU ta riƙe tun kafa ta a Kano a 1950, an ɗaure mutane a kanta, an yi wa wasu bulala, sai ga shi an biya ta da jimla ɗaya.

Akwai masu cewa kuɗin man fetur ne ya ba shi wannan dama, ba jarumtaka ba, kuma tun daga lokacin ƙananan hukumomi suka koma zaman jiran kason Legas, daga baya na Abuja, talaka kuma ya daina tambayar me aka yi da kuɗinsa tunda ba daga aljihunsa aka cira ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ni ma nakan yi tunaninta in na ga yadda sakatariyar ƙaramar hukuma ke zama kango sai ƙarshen wata. Sai dai kuɗin man nan yana nan tun zamanin soja, kuma ba wanda ya soke harajin sai da aka sami gwamnan da ya fito daga gidan da aka san zafinsa.

Na biyu, yaƙi da jahilci. A 1980 gwamnatinsa ta kafa hukumar ilimin manya, aka buɗe azuzuwa a zaurukan unguwa da makarantun firamare bayan yara sun tashi, har UNESCO ta yaba wa Kano a kan aikin. Ni shaida ne a nan, domin Innarmu ta shiga ajin matan aure da ake yi bayan azahar a wani gida da ke bayan layinmu. Mace mai 'ya'ya shida ta zauna da fensir tana juya baƙi da wasali, mu muna leƙe muna dariya. Ba ta zama malama ba. Amma ta kai ga karanta katin asibiti da kanta, ta san ranar da aka ce ta koma, kuma ta fara rubuta sunayen masu bashin ƙuli-ƙulinta a bayan tsohon littafina na lissafi. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce mata ai na biya kin manta.

Sauran ayyukan zan ambace su a gurguje. Kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami, don almajirin da bai shiga boko ba shi ma ya karanta labarin duniya. Gidan talabijin na CTV 67, wanda shi ne ARTV ta yau. Wutar lantarki da aka ja zuwa garuruwan da ba su taɓa ganin ƙwan fitila ba. Hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, wanda Kano ta fara bayarwa a 1980 kafin gwamnatin tarayya ta mai da shi na ƙasa a shekarar da ta biyo. Duka wannan cikin ƙasa da shekara huɗu. Ba banza aka kira shi Limamin Canji ba.

To, ina aka samu matsala?

Tun ba a yi nisa ba PRP ta dare biyu. Rimi da Balarabe suka shiga zaman gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, tare da biyar na UPN ta Awolowo da biyu na GNPP ta Waziri Ibrahim. Shugabannin jam'iyya suka ce ba da yawunsu ba, su daina. Gwamnonin suka ce ba za su daina ba, suka kuma zargi na kusa da Malam da karkata wajen NPN mai mulkin tarayya. Aka kore su, su kuma suka kafa nasu ɓangaren da tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu a gaba. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ɓangaren Malam ta sani. Haka aka sami 'yan santsi, masu bin gwamnonin, da 'yan taɓo, masu bin Malam, kuma rabuwar ba ta tsaya a ofishin jam'iyya ba, har ɗakunan kwana ta shiga.

A gidanmu Baba taɓo ne, ƙanin Inna kuma, wanda yake malamin firamare, santsi ne na gani-kashe-ni. Ina tuna wata Juma'a da ya zo cin tuwo, magana ta yi magana.

"Yaya, ku fa ba aƙida kuke bi ba, mutum kuke bi. Abin da Malam ya koya mana shi gwamna yake yi."

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Kai yaro ne. Lokacin da ake ɗaure mu saboda Malam, gwamnan naka yana ina? Wanda ya ɗora ka a kan doki ba ka waiwayo ka nuna shi da bulala."

Inna ta ce don Allah a bari a gama cin abinci. Kawu bai ƙara taka gidan ba sai da aka yi sunan ƙanwata.

Yau da na tsufa ina ganin kowannensu da gaskiyarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai waɗanda suka kewaye Malam da ba su so a shirya ba, don in an shirya ba su da abinci. Amma Rimi shi ke da mulki, shi ne ƙarami, shi ya karanta sulhu a jami'a. Daga gidan gwamnati zuwa Gwammaja, inda gidan Malam yake, ba tafiyar rabin awa ba ce. Allah Ya ba shi baki, in ya hau duro ba ka so ya sauka, Hausarsa garau, Turancinsa garau. Sai dai bakin nan bai san birki ba. Maganar da za a faɗa a ɗaki mutum biyu, shi sai ya faɗe ta a filin taro, jama'a su yi tafi, gobe kuma a rasa hanyar janye ta.

Ana cikin haka rikicin Maitatsine ya ɓarke a watan Disamba na 1980. Unguwar 'Yan Awaki, inda Maitatsine ya kafa sansaninsa, ba nisa da mu, mun kwana muna jin harbi, mun ga mutane na gudu da tabarmi a ka. Sai da soja suka shigo aka kashe wutar, kuma kwamitin bincike na mai shari'a Aniagolu ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu. 'Yan sanda na tarayya ne, gwamna na adawa ne, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifin sakaci. Gari bai gama farfaɗowa ba aka shiga na gaba.

A 1981 gwamnati ta ɗaga darajar wasu sarakuna, irin su na Gaya da Rano da Dutse da Auyo, ta daidaita su da Sarkin Kano. Sannan ran 7 ga Yuli aka aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, ana zarginsa da rashin girmama gwamnati, aka ba shi awa 48 ya ba da amsa. A nan nake so mai karatu ya dubi wanda aka aika wa takardar. Kafin ya hau gadon sarauta a 1963, Ado Bayero ya zauna a majalisar dokokin Jihar Arewa a Kaduna, ya riƙe Wakilin Doka, wato shugaban 'yan sandan En'e na Kano, sannan ya tafi Senegal a matsayin jakadan Najeriya. Daga can aka kira shi ya zama Sarki. Ashe rigimar tsakanin mutum biyu ce da duk suka san aikin jakadanci, ɗaya ya karanta, ɗaya ya yi. Wanda ya yi aikin bai fito ya yi cacar baki ba. Ya yi shiru, shirun nan kuma ya fi kowace amsa tayar da hankalin mutanen cikin birni.

Ran Juma'a 10 ga Yuli, cikin azumi, gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan rediyon Kano, da ofishin Triumph, da wasu ma'aikatun gwamnati. Aka je har gida aka kashe Dokta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa. Daga soron gidanmu muna hango hayaƙi ta wajen Nasarawa. Mutanen Rimi sun tsaya a kan cewa ba fushin talakawa ba ne, shiri ne na 'yan adawa da suka yi hayar 'yan daba, kuma yadda aka zaɓi wuraren da aka ƙona ɗaya bayan ɗaya ya sa maganarsu ba ta da saurin turewa. Baba, duk da taɓonsa, ranar bai iya shan ruwa da daɗi ba. Ya ce wannan ba siyasar da suka sha ɗauri a kanta ba ce.

Ba na cikin masu cewa gwamna ba shi da ikon tambayar sarki. Doka ta ba shi, kuma wanda ya soke haraji dole wata rana ya yi karo da tsarin da harajin ke ciyarwa. Abin da nake cewa shi ne an yi ta a lokacin da ba shi da kowa a bayansa. Makonni biyu kafin nan, ran 23 ga Yuni, majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa. Shi Rimi jam'iyyarsa ta riga ta kore shi. Gwamnatin tarayya na jiran ya yi tuntuɓe. Malam, wanda shi kaɗai ne zai iya fitowa ya ce wa mutanen birni su koma gida su koma, an riga an ɓata da shi. Ko ɗalibin shekarar farko a darasin hulɗar ƙasashe ya san ba a buɗe fagen yaƙi huɗu lokaci guda.

Nakan kwatanta shi da Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, wanda a daidai wannan zamani yake wakiltar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, yana shugabantar kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Shi ma mai baki ne, ya shiga majalisar wakilai tun 1954, ya yi ministan ma'adinai da lantarki har zuwa juyin mulkin 1966. Ɗanmasani zai gaya maka ka yi kuskure ka tashi kana godiya. Amma fa bai taɓa soke wa kowa haraji ba, kuma da ya nemi NPN ta tsayar da shi shugaban ƙasa Shagari aka ba. Kano ba ta taɓa haɗa halin mutanen nan biyu a jikin mutum ɗaya ba, kuma ban tabbata mai laushin Ɗanmasani zai iya abin da Rimi ya yi ranar farko ba.

Ƙarshen mulkin ya zo da sauri. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Rimi ba shi da jam'iyyar da zai tsaya a cikinta, sai ya koma NPP ta Azikiwe, kuma ya yi abin da har yau ban ga wani gwamna ya maimaita ba: ya ce tunda a PRP aka zaɓe shi, ba zai tafi da kujerar wata jam'iyya ba. Ya sauka a watan Mayu, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa. Ku dubi masu sauya sheƙa na yanzu, da kujera da motoci da 'yan majalisa suke ƙaura, ko kunya babu. A zaɓen Agusta Sanata Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, ya kuma rushe sababbin masarautun da ya hau. Wata uku kacal Sabo ya yi soja suka karɓe ran 31 ga Disamba, aka kwashe su duka, santsi da taɓo, aka kai kurkuku. Maganar masarautu kuwa ba ta mutu ba: an sake ƙirƙira a 2019, an sake rushewa a 2024, aka shiga kai da kawowa a kotu.

Rayuwarsa ta bayan nan ba ta yi mini daɗin bi ba, zan taƙaita. Ya shiga SDP, ya goyi bayan Abiola, sannan a ƙarshen 1993 ya karɓi ministan sadarwa a gwamnatin Abacha. Kawu, wanda ya yi gaba da mijin yayarsa saboda shi, ya ce ranar ya cire hotonsa daga bangon ɗaki. Ya mai da hoton a 1998, lokacin da Rimi ya sa hannu a takardar da 'yan siyasa suka rubuta suna ƙin tazarcen Abacha, aka kama shi tare da Sule Lamiɗo aka tsare har sai da Abacha ya rasu a watan Yuni. Daga wannan rukuni na 'yan siyasa, da ake kira G34, PDP ta fito, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya nemi ta tsayar da shi shugaban ƙasa a 2003, yana cewa ba wanda zai hana ɗan Arewa takara da sunan karɓa-karɓa, Obasanjo ya lashe zaɓen fid da gwanin da tazara mai nisa.

Abin mamaki, Lamiɗon nan da ya bi shi tun yana ɗan majalisar wakilai na PRP a 1979, shi ne ya haɗa kujerun da maigidansa bai haɗa ba: majalisa, ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, sannan gwamnan Jigawa shekara takwas daga 2007. Shi ma ba baya ba ne wajen kaifin harshe, amma ya iya zama cikin jam'iyya ko da ana cin masa tuwo a ka. Rimi bai iya ba. Ya fita daga PDP ya shiga AC gabanin zaɓen 2007, ya sake dawowa. Tun daga 1979 bai ƙara cin zaɓen wata kujera ba.

A watan Janairu na 2006 aka shiga gidansa a nan Kano aka kashe matarsa. Shekara huɗu bayan haka, daren 4 ga Afrilu 2010, 'yan fashi suka tare motarsa yana dawowa daga jihar Bauci. Ba su harbe shi ba, amma zuciyarsa ba ta ɗauka ba, ya cika a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da shekara 70. Lokacin Baba ya riga ya rasu. Ni na ɗauki Kawu a babur muka tafi jana'iza, ga shi ƙafa ta fara ba shi wahala, muka ajiye babur ɗin nesa saboda cinkoso muka ƙarasa a ƙasa. A sahun da muka samu, tsofaffin 'yan taɓo na unguwarmu sun fi 'yan santsi yawa.